Rasuwar Kawu, Baƙin Labulen Ɗakin Awo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɓacin rai da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki, tsofaffin ɗalibai da duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe a ɗakina na awo, rasuwar Kawu, baƙin labulen da ya tsare tagar ɗakin nan kusan shekara talatin. Ya rasu ranar Asabar ɗin da ta wuce a hannun kwamitin ƙawata sashe, ba tare da wata jinya ba. Lafiyarsa ƙalau aka kashe shi.

Marigayin ya fito daga gidan mutunci. Yayata ce, Allah ya jiƙanta, ta ɗinka shi a kan kekenta, yadi ninki uku, lokacin da aka ba ni wani ofis mai ƙatuwar taga aka ce in yi bincikena a ciki. Tana da tsohon ciki a lokacin, tana taka keke tana yi mini tsiya, wai ita ba ta taɓa ganin wadda ta yi karatu har ta ƙure shi sannan ta koma neman duhu ba. Ba a daɗe da rataya shi ba ta haifi 'yarta, wadda yanzu duk gidanmu ke kira Mai Hoto, saboda hoton ƙashi take ɗauka a wani asibiti. Sa'anni ne ita da marigayin. Sunan Kawu kuwa ɗalibai suka laƙaba masa, don ba ya magana, ba ya dariya, amma kowa na shakkar taɓa shi.

Ga waɗanda ba su san aikinsa ba, cikinsu har da shugaban sashenmu, ga bayani a taƙaice. Ni sana'ata haɗa wasu 'yan ƙwayoyi ce farare, kowacce ba ta kai maɓallin riga ba. Idan radiyeshin ya ratsa su, wato hasken nan marar ganuwa da injin hoton ƙashi ke fitarwa, sai su haɗiye shi su riƙe. Ranar da na sa su a na'ura sai su amayar da shi a matsayin ɗan ƙyalli, na'ura ta auna, ta faɗa mini yawan abin da jikin mai ɗauke da su ya sha. Lalurarsu ɗaya ce. In hasken rana ya riga na'ura ganinsu, zubar da komai suke yi, su koma kamar ba a taɓa amfani da su ba. Na rubuta wannan a mujallu, na faɗe shi a taruka har muryata ta dishe, na manna shi da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa. Ɗalibin ajin farko kan gane shi kafin ya gama cire takalmi.

Kawu ya yi wannan tsaro da gaskiya da riƙon amana. Bai taɓa barin ko zaren haske ya shigo ba. Bai taɓa neman ƙarin girma ba, bai taɓa cusa sunansa a binciken da bai san kansa ba, bai taɓa tafiya taro don a ɗauke shi hoto ba, abin da ba zan iya shaidar wasu da shi ba. Maganarsa biyu ce tak: shurrr, in zobbansa sun bi ƙarfe, sai fuf, in gindinsa ya taɓa ƙasa. A gabansa na ƙona garin haɗa ƙwayoyin ba adadi ina kuka. A gabansa ƙwayata ta farko ta yi ƙyalli, na yi tsalle na buge gwiwa da teburi. Ranar da aka yi mini waya cewa Yaya ta cika, a jikinsa na cusa fuskata, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗa wa kowa ba.

Yanzu ga yadda ajali ya zo. Mai Hoto na da ciki, na fari. Bangon dalmar da take fakewa a bayansa in za ta kunna inji ya tsage tun bara, an liƙe shi da filasta an yi fenti. Ta roƙi manajan asibitin ya mayar da ita wani ɗaki har ta sauka, ya ce shi ba ya aiki da tsoron mata, ta kawo masa lamba daga masana. Sai ta zo wurina. Na ba ta bajo mai ƙwayoyina a ciki, ta maƙala shi daidai cikinta, ta yi watanni tana shiga da fita da shi. Ranar Alhamis ta kawo mini, ta ce ba za ta sake shiga ɗakin ba sai ta ji sakamako. Na buɗe shi a duhu, na jera ƙwayoyin a farantin na'ura, ina shirin dannawa aka ɗauke wuta. Na kulle ɗakina kamar yadda na saba, domin washegari ina da jarrabawar ɗalibai a wata jami'a.

Ashe ana jiran manyan baƙi ranar Litinin. Shugaban sashe, mutumin da rabonsa da riƙe wani abin awo tun yana da gashi a ka, ya ɗauko makullin ajiya, ya jagoranci kwamitinsa da masu fenti, suka buɗe ƙofar da aka rubuta kada a buɗe. Suka fizge Kawu. Suka wanke gilashin taga har yana ɗaukar ido, suka ajiye tukunyar furen roba a kan teburina. Rana ta wuni biyu tana kwance a kan farantin nan.

Da na dawo na sami shugaban sashen a tsakiyar ɗakin, baki har kunne, yana jiran godiya. Ya ce, “Haba Farfesa, ai da ɗakin nan kamar kabari yake. Baƙi sai su ce ba ma biyan kuɗin wuta.” Na sa farantin a na'ura, ko Allah zai sa wani abu ya rage. Sifili. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “To alhamdu lillahi! Sifili ke nan, yarinya lafiya lau.” Na ce masa wannan sifilin nasa ne, ba na yarinyar ba. Sai ya sha mur, ya shiga borin kunya, wai ai da na rufe ƙwayoyin da wani abu. Na rufe su mana, ranka ya daɗe, da yadi ninki uku, shekara talatin. Kai jama'a! Wallahi na ga jahilci iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya sha turare ya ɗaura agogon zinariya irin wannan ba.

Bai tsaya nan ba. Kafin in gama haɗiye takaicina ya ɗauki waya ya yi wa manajan asibitin albishir, domin ya daɗe yana kwaɗayin a ba sashenmu kwangilar auna ma'aikatansu. Na ƙi sa hannu a kan komai, amma magana ta riga ta isa. An aiko wa Mai Hoto cewa masana sun ce ba komai, ta koma ɗakinta ranar Litinin mai zuwa, in ba haka ba a ɗauka ta ajiye aiki. Da yamma ta zo gidana ta zauna a bakin gado, ta dafa cikinta ta ce, “Inna, ni ba ta aikin nake ba. Nawa ya sha?” Zan iya yi mata kiyasi, amma kiyasi ba awo ba ne, kuma ita ma ta san haka.

An tsinci gawar marigayin ranar Talata a filin ajiye motoci, an lulluɓe motar shugaban sashe da ita don kada rana ta ɓata masa kujeru. Ashe dai ya san labule na tare rana. Tir da wannan hali.

Kawu ya rasu ya bar abokin zamansa, jan ƙwan lantarki, wanda aka cire aka jefa a kwandon shara saboda wai yana sa ɗaki ya yi kama da gidan rawa. Ya bar ƙarfen da ya rataya a kai, da zobbansa, da na'urar da yanzu ba ta da wurin aiki. Ya bar ni, ya bar sa'arsa Mai Hoto, da jika guda da ba a haifa ba tukuna.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Na riga na yi masa wanka da hannuna. Ba za a binne shi ba. Na yayyanka shi, na ɗinka 'yan jakunkuna a kan keken Yaya, ɗinkin da in ta gani sai ta yi mini dariya, kowacce jaka da sabuwar ƙwaya a ciki. Za a rataya su ranar Litinin da safe a ɗakin hoton ƙashi, a jikin tsagaggen bangon nan, su fara tara lambar da manaja ke nema. Abin da za su tara na gaba ne. Na watannin baya ya fita ta taga.

Zaman makoki a nan ɗakin za a yi shi, a lungun da Mai Hoto ke tsayawa. An tanadar wa shugaban sashe kujera ta musamman daidai tsagar, kuma ba sai ya wahalar da kansa da rigar dalma ba, tunda sifili ne. Yana iya zuwa da iyalinsa.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo mini sabon labule, kada kuma su ce in yi haƙuri, na ji. Wanda ke son ya taimaka, ya zo ya tsaya kusa da ni lokacin da yarinyar nan za ta ɗaura rigar dalma a kan cikinta, ta waiwayo ta sake tambayata nawa ya sha.