Alkakin da Na Rubuta Ban Taɓa Soyawa Ba

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, daga ƙarar turmi ya faro. Ina zaune a tsakar gida da hantsi ina tsince shinkafa, sai na jiyo ta daga bayan katanga: tim, tim, tim. Ba irin ƙarar dakan hatsi ba ce, wannan ta fi nauyi, kamar taɓaryar tana nutsewa cikin abu mai danƙo kafin a zaro ta. Duk macen da ta tashi a cikin birnin Zariya ta san kirɓi in ta ji shi. Na ce a raina, yau Goggo Delu alkaki take yi. Na ture farantin, na zura hijabi, na ɗauki biro da takarda.

Ni ce ke kula da shafin intanet na unguwarmu, nan Limancin Kona. Ƙanwata da ke aiki a jami'a, Kongo ta nan Zariya, ce ta buɗe shi, ta koya mini yadda ake ɗora rubutu da hoto, sannan ta sakar mini. Tunda ina gida kullum, kuma na yi sakandare, hannuna ba laifi wajen rubutu, sai abin ya zauna a wuyana. Ɗaurin aure, suna, saukar karatu, rasuwa, ranar da masu rigakafi za su shigo, ranar da famfo ya tuna da mu, har cigiyar akuya. 'Yan unguwa da ke Legas da Abuja nan suke leƙowa su ji gida. Akwai wani gefe da na sa wa suna Al'adunmu. Shi na fi so, shi ne kuma ya kusa kashe ni da kunya.

Goggo Delu maƙwabciyarmu ce, tsohuwar da ta yi alkakin garar kusan duk iyayenmu mata. Yanzu ba a cika kiran ta ba, yara sun koma kek da cincin. Na same ta a kan tabarma, jikarta na kirɓi, ita tana naɗawa.

Na ce, "Goggo, sannu da aiki. Na zo ki ba ni sirrin alkaki in rubuta, kada ya bi ku."

Ta ɗago ta dube ni. "Ya bi mu ina? Ke 'yar nan, binne ni za ki yi tun da raina?"

Ta dai faɗa mini. A ɓarzo alkama kada ta yi laushi, a murje ta da mai, a kwaɓa da nono da tauri, a rufe ta kwana biyu ta yi tsami. Ranar suya a sa ruwan kanwa, a kirɓa, a naɗa, a soya, a tsoma cikin sukarin da aka dafa da tsamiya.

"Kanwar fa, Goggo, cokali nawa?"

"Cokali? Ke dai ki ɗiga, ki taɓa, ki sansana. Hannu ne ke gaya miki."

"To mai fa?"

"Har sai ta ce ta ƙoshi."

Da zan fito ta kira ni. "Kada ki kuskura ki sa sunana ko hotona a wayar nan, in kwanta a Zariya in tashi a Legas."

Da na zauna rubutu sai na ga matsala. Ta yaya zan rubuta wa matan Abuja cewa hannu ne ke gaya miki? Ai sai su ce shafinmu na ƙauye ne. Sai na lumshe ido na kimanta: mai kofi kaza, ruwan kanwa ludayi kaza, duk daga kaina, na jera su reras kamar a littafin girki. Kuma tunda Goggo ta hana a ambace ta, duk inda ya kamata in ce tana zubawa, sai na ce ina zubawa. Na sa masa kai: Yadda Muke Alkaki a Gidanmu. (Ranar Shaiɗan bai sha wahala da ni ba, ko zufa bai yi ba.)

Yabo kuwa ya sauko. Wata ta ce na tuna mata da kakarta har ta yi hawaye. Wata ta ce Allah ya albarkaci hannuna. Ni kuma ina amsawa da amin, da hannun nan da bai taɓa naɗa alkaki ko ɗaya ba. Malam, maigidana, ya karanta bayan ya dawo daga La'asar, ya sauke tabarau ya ce, "Ikon Allah. Duk zamanmu da ke, ashe akwai alkaki a gidan nan ni ba a ba ni?" Na ce ai shi ba ya son zaƙi. Ya yi murmushi bai ƙara ba.

Bayan 'yan makonni aka yi sallama da safe. Wata mata ce daga Ƙofar Galadima, Maman Nafisa, mai sayar da daddawa da kuka a gida. Mijinta ya rasu, tana aurar da 'yarta ta fari. Ta durƙusa har ƙasa tana gaishe ni, ni da ta girme ni nesa ba kusa ba.

Ta ce, "Malama, Nafisa ce ta karanta mini rubutunki. Ni ba ni da ƙarfin gara mai yawa, amma na yi wa kaina alkawari alkaki sai ya shiga gidan yarinyar nan, kada dangin miji su ce don marainiya ce. Na tanadi alkamata. Ki taimaka ki ja mana gaba."

A nan ne ya kamata in ce, Yaya, wallahi rubutu kawai na iya. Kalma shida. Amma ta riga ta sa gefen mayafi tana share ido, ni kuma zuciyata ba ta da ƙashi. Bakina ya buɗe da kansa ya ce, "In sha Allahu, ba komai."

Tana fita na faɗa gidan Goggo Delu. Aka ce ta tafi ƙauye gaisuwar rasuwa, ba a san ranar dawowarta ba. Na tsaya a zauren ina salati. Daga baya na lallashi kaina: ai na ga yadda ake yi, kuma ga shi a rubuce. Kun ji fa, na koma ina dogara da ma'aunin da ni na ƙirƙira.

Ranar Laraba na je na yi kwaɓi, waya a hannun hagu ina dubawa a ɓoye cikin hijabi. Ranar Juma'a suya, Lahadi a kai gara. Juma'ar na isa na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai, har da matashi. Mata sun fi ashirin, wasu ma ba 'yan biki ba ne, sun zo ganin mai shafi. Wata ƙanwar uban amarya, Hajiya Yalwa, mace mai ido kamar na mai awon zinare, ta zauna daidai gabana ta ce, "Yau dai mu ma za mu koya daga bakin masu ilimi."

Na tuttula ruwan kanwa yadda na rubuta. Kwaɓin ya sauya launi, ya yi wani ɗorawa-ɗorawa, ya saki jiki kamar mai zazzaɓi. Na ce a kirɓa. Aka kirɓa. Na gutsura zan naɗa, ya tsinke. Na sake, ya tsinke. Da ƙyar na haɗa guda shida masu kama da igiyar da akuya ta tauna, na ce haka ake yayi yanzu. Hajiya Yalwa ta ce, "Uhm."

Mai ya yi zafi. Na yi bismillah da ƙarfi, irin bismillar mai neman ceto, na saka su.

Jama'a, alkakin nan ko gaisawa da man bai tsaya yi ba. Kumfa ta taso fuu, da ta lafa babu alkaki babu alamarsa, sai tsaki-tsaki yana yawo a kasko kamar abincin 'yan tsaki. Na sa matsami na kwaso, ya zube ta ƙofofin.

Hajiya Yalwa ta leƙa kaskon ta ce, "Malama, wannan shi ne na intanet ɗin? Ko sai an sa masa data zai haɗu?"

Aka kwashe da dariya. Ni ba dariyar ce ta kashe ni ba. Maman Nafisa na hango a bakin ƙofar ɗaki, ba ta dariya, idonta na kan bahon kwaɓin. Alkamarta ke nan gaba ɗaya. Ko da za a samo wata, babu kwana biyun da za ta yi tsami kafin Lahadi.

Na ajiye matsamin. Na ce, "Ku yafe mini don Allah. Ban taɓa yin alkaki ba. Na wata tsohuwa ne na rubuta kamar nawa, ma'aunin kuma ni na ƙaga." Na so ƙasa ta buɗe, amma ƙasar Ƙofar Galadima tauri gare ta.

Maman Nafisa ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "To yanzu yaya za mu yi, Malama?" Har lokacin Malama take ce mini.

Na ce a sauke kaskon, a rufe kwaɓin. Na fita na tari keke, ina addu'a tun daga nan har Limancin Kona. Allah Mai rufin asiri, Goggo Delu ta dawo da safen nan, ko ƙullin kayanta ba ta kwance ba. Na durƙusa na zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Miƙo mini takalmana."

Da muka shiga ba ta kula kowa ba sai bahon. Ta tsoma yatsa, ta murza, ta sansana, ta ɗanɗana, ta tofar. "Wa ya aiko ki da kanwar nan, rini za ki yi?" Ta sa aka jiƙa tsamiya, aka kawo garin alkama mai laushi daga maƙwabta. Tana yayyafawa tana murzawa, tana barbaɗawa tana saurare, kamar mai lallashin jariri. Ta miƙa mini taɓarya ta ce, "Ke kika ɓata, ke za ki kirɓa." Na kirɓa har tafin hannuna ya yi kanta, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin wahala irin ta ranar ba.

Ta naɗa ɗaya, siriri, ta saka a mai. Duk muka miƙa wuya. Ya nutse, ya taso, ya juya, yana nan yadda aka naɗa shi. Maman Nafisa ta rangaɗa guɗa da hawaye a fuskarta.

Hajiya Yalwa ta ce, "Goggo, ashe ke ce mai abin, aka bar mu da mai biro."

Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗalibata ce, ban yaye ta ba ta gudu. Kuma ba don biron nata ba, wa ya tuna da alkaki a cikinku? Ke Yalwa, na garar aurenki ni na yi, kin taɓa zuwa kin ce in koya miki? Matso ki naɗa." Hajiya Yalwa ta matso. Nata ma ya tsinke. (Allah ya yafe mini, na ji sanyi a raina.)

Kafin La'asar an cika fanteka biyu. Ranar Lahadi alkaki ya shiga gidan Nafisa.

Washegarin suyar na goge rubutun na sa gaskiya a madadinsa, na nemi afuwa. Na roƙi Goggo, ta yarda in ce wata tsohuwa a Limancin Kona, mai son koyo ta zo da hannunta, ta bar cokali a gida. Abin da ya ƙara tsinka ni shi ne saƙonnin da suka biyo baya: mata uku suka ce su ma sun gwada ya watse, amma sun yi shiru, sun zaci hannunsu ne bai iya ba. Har yau ina yi musu addu'ar Allah ya mayar musu da alkamarsu. Yanzu Goggo ba ta rasa masu sallama, ni kuma ba na ɗora komai a shafin sai na faɗi daga bakin wa na ji. Na gane cewa man suya ba ya karanta rubutu, abin da ka iya kawai yake nunawa.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai, a ranar suyar ya faru. Tsakin nan nawa da aka tsame, Goggo ta hana a zubar, ta sa aka zuba masa ruwan sukari aka ba yara a kwano. Ina laɓe a gefen rijiya ina wanke hannu, ba na son haɗa ido da kowa, sai ƙanwar amarya, wata 'yar mitsila da ta yi famfara, babu haƙoran gaba ko ɗaya, ta zo ta ja mini hijabi. Bakinta duk sukari. Ta sassauta murya don kada Goggo ta ji, ta ce:

"Anti, kada ki yi kuka. Naki ya fi daɗi, ba sai an tauna ba."