Yadda Na Yi wa Kaina Rigakafin Ƙarambau

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na fara koyar da kimiyya a Yelwa ba, lokacin muna Jihar Sakkwato. Ni mutum ne mai shegen son sani, ko takardar ƙosai na tsinta sai na karanta. A wata tsohuwar mujalla na ga wai a Japan an yi allurar rigakafin ƙarambau. Ƙwayar cutar ce dai aka yi ta reno a ɗakin bincike, har wasu 'yan wurare a ƙwayoyin halittarta suka sauya, ta yi laushi, ta bambanta da wadda ke yawo cikin jama'a. Abin ya tsaya min a rai. Wato kamar zabon gida da na daji ke nan?

Ana haka sai ƙarambau ya kama Hadiza, 'yar yayata. Ƙuraje ba su fi goma ba, tana ta wasanta. Na ce ai ga mai laushin nan Allah ya kawo har gida! Ni kuwa ban taɓa yi ba. Na zauna tabarma ɗaya da ita, muka sha fura da ludayi ɗaya (da gangan fa, jama'a, kuma da satifiket ɗina). Inna ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka nema?" Na ce mata bincike nake yi.

Bayan mako biyu sakamakon bincike ya feso, har cikin kunne. Kuma a makon ne sufeto ya zo daga Sakkwato ya ga koyarwata, don a tabbatar da ni a aiki. Da bai same ni a aji ba, shugaban makaranta ya rako shi gida. Suka tarar da ni a gindin dogonyaro, ɗaure da zanen Inna, an shafe ni da farar ƙasa fat, ina susa da totuwa.

Na buɗe baki zan ce ƙaddara ce, Inna da ta kawo musu ruwa ta riga ni. "Wallahi shi yak kai kainai. Wai wanga na gida na, ba ya cizo."

Ta kwashe labarin Hadiza da ludayi kaf ta faɗa musu. Sufeto ya danne dariya da ƙyar. "Malam, ƙwayar jikin yarinyar ta gari ce, babu abin da ya sauya. Yarinta ce ta sa ya zo mata da sauƙi, babba kuwa ba ya raga masa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka ɗage tabbatar da ni sai baɗi. Har gobe ina da son sani, amma yanzu nakan tambayi wanda ya sani kafin in ba da jikina aro.