Ramammiyar Saniyar Zulaihatu

"…gajiya kam babu, sai dai ganinki da hantsi haka ba ya kama da alheri. Me ya koro ki daga Gangaren Tudu?"

"Babu abin da ya koro ni, Ɓoɗejo. Uwar ɗakinka ce ta zo duba bawanta. Shimfiɗa mini tabarma."

"Baiwa ba ta hawa tabarma a gidan ubangidanta. Ga turmi can."

Taubasai ne, kuma tun suna yara ba a gama shari'ar wane ne bawan wani ba. Mahaifiyar Zulaihatu ƙanwar baban Ɓoɗejo ce. Aure ya kai mahaifiyar unguwar Gangaren Tudu cikin garin Keffi, ta bar shanunta a garken gidansu da ke bayan Garaku. Ciwo da hidima suka cinye su, har ranar da ta rasu saura farar karsana ɗaya mai tsaga biyu a kunnen hagu. Ita ce gadon Zulaihatu, kuma tana hannun Ɓoɗejo. To, duk sanda ta tambaye shi labarinta, amsa ɗaya ce: tana nan dai, ƙashi da fata. In ta zo gani, a ce ai ta bi garke daji. Ni dai ban ga laifin Zulaihatu ba da ta fara zargin an daɗe da kai saniyar kara, kasuwar shanu. Shi ya sa ranar ta hau acaɓa ba sanarwa, da dabararta a ciki.

"Ƙungiyarmu ta masu yogot za ta fita baje kolin kayan noma bana," in ji ta. "Uku ne a gabanmu: na Kaduna, na Lafiya, da wanda ake yi nan hanyar Abuja. An ce kowa ta zaɓi ɗaya."

"To ki zaɓa mana. Ni ne shugaban masu tsamin nono?"

"Da kai za a zaɓa, don ba yogot kaɗai zan baje ba. Har da saniyata."

Ɓoɗejo ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Ya dube ta irin kallon da yake yi wa dillali.

"Wace saniya?"

"Au, har ka manta da ita?"

"Ban manta ba. Mamaki nake a ce za a kai wannan abar gaban jama'a. Ai sai a ɗauka shanyar fata kika zo yi."

"A ɗauka. Na fi son Kaduna, ya fi kowanne girma."

"Kaduna? A tirela? Kafin a kai Zuba kin fara neman mahauci. Kuma me ake nunawa a can in ba taraktoci da injinan ban ruwa ba? Ki ajiye ta kusa da tarakta, wani ya zo ya ce a ba shi ƙarfen nan mai ƙaho."

"To Lafiya. Hanya ce miƙaƙƙiya daga ƙofar rugarka."

"Lafiya ta masu doya da riɗi ce. Ki ɗaure saniya mai yunwa kusa da tulin doyar da mutum ya kawo gasa, ki ga yadda ake kwana a ofishin 'yan sanda. Ni ba zan yi belinki ba."

"Da me za ka yi belin? Da wannan malafar da akuya ta ci rabi?"

"Malafar nan ta girmi shagonki."

"Ta kuma fi shi wari. Saura na hanyar Abuja. Akwai rumfa, akwai ruwa, akwai likitan dabbobi, na tambaya. Masu otal-otal suna zuwa neman mai kawo musu nono. Wane aibu za ka ƙaga masa?"

"Wannan ai shi ne uban ɓarna. Masu manyan riguna, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoto. A huda mata kunne a maƙala roba mai lamba, a tambaye ni garkena nawa ne. Tun kakana ba a taɓa yi mana wannan tambayar aka rabu lafiya ba."

"Wa ya damu da garkenka? Tawa ɗaya tak nake magana."

"Daga ɗaya ake farawa. Wa ma ya ba ki wannan shawara? Faɗa mini sunansa."

"Kaina ya ba ni."

"Wannan kan da ɗankwali ne kawai ke riƙe da shi?"

Hajja, matar Ɓoɗejo, tana gefe tana wanke ƙoren tatsa. Ta saba da cacar bakinsu. Amma ta lura yau dariyar ba ta kai ciki, kowa yana jifa yana leƙen fuskar ɗan'uwansa.

Zulaihatu ta gyara zama a kan turmin.

"Kaduna nisa, Lafiya doya, Abuja hoto. Ko a bayan bukkarka aka kafa baje kolin, cewa za ka yi rana ta yi yawa. Jan mutum, ka sayar da ita, ko?"

"Ni?"

"Kai. Na ga sabon babur a gindin ɗorawa."

"Bijimina na sayar, kowa ya sani a Garaku. Ke dai faɗi gaskiya. Wani Alhajin Abuja mai gona ya yi miki romon baka, kina so in wanke ta in kai masa har rumfa, ki karɓa ki sayi sabon firji."

"Firji? Saniyar uwata zan musanya da firji?"

"'Yan birni kun sayar da abin da ya fi haka."

"Ku kuma 'yan daji kun ɓoye abin da ya fi haka."

Gaskiyar magana, tsoro ne ya cika kowannensu. Ita tana tsoron abin da uwarta ta bari ya salwanta. Shi kuma Goggon nan tasa, uwar Zulaihatu, ita ta goya shi da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ba ya son ya wayi gari babu sauran jininta a garke.

Hajja ce ta gaji. Ta ajiye ƙwarya, ta je ta kwance wata 'yar maraƙa da ke ɗaure a igiya. 'Yar maraƙar ta yi kuka sau ɗaya, aka amsa mata daga cikin kwari bayan ɗorawa, inda Ɓoɗejo ya kora wata saniya da sauri tun da ya jiyo ƙarar acaɓa.

Saniyar ta fito tana tafe ƙasa na amsawa. Fara sol, tozo ya kwanta gefe don ƙiba, hantsa cike har tana ɗiga. A kunnen hagu ga tsaga biyu.

Zulaihatu ta miƙe tsaye.

"Ɓoɗejo, wannan ita ce ƙashi da fata? Wannan irin kyakkyawar…"

"Kama bakinki."

"Har ta haihu ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki, ki gaya wa Gangaren Tudu, Gangaren Tudu ta gaya wa unguwar Liman Abaji? Baki nawa ke nan a kan saniya ɗaya? Yanzu kuma kina so in tsayar da ita a rumfa, a sa lasifika ana yabonta."

"A nan ba a yabon abin da ake so ya daɗe," in ji Hajja, tana durƙusawa da ƙwaryarta. "Goggo ma haka take. Ban taɓa jin ta yabi saniyarta ba, sai dai ta ce wannan ragowar ungulu."

Zulaihatu ta tsaya tana kallon nono na zuba. Ta tuna yadda uwarta ke gabatar da ita ga baƙi tun tana ƙarama: ga mummunar 'yata nan, ba ta iya komai ba. Ta sha kuka a ɗaki saboda wannan magana, har ta girma tana jin ciwonta. Ta kai bakin mayafi ta share ido.

"Hayaƙin rugarku ne," in ji ta.

"Ba a hura wuta ba tukuna," in ji Ɓoɗejo, amma a hankali ya faɗa.

Ya shiga bukka ya fito da ƙaramar ƙwarya cike da man shanu, ya dangwarar mata a gaba.

"Na saniyarki ne. Ki je na hanyar Abujan, tunda can masu sayen suke kuma nono zai isa bai lalace ba. Hajja za ta riƙa aiko miki kowace safiya. Amma saniya tana nan. In an tambaye ki daga ina, ki ce wani bawanki ne ke kawowa."

"Ka dai amsa da bakinka."

"Don a rufa wa saniya asiri na amsa. Daga an tashi baje koli na janye."

Zulaihatu ta rungumi ƙwaryar. Ta matsa kusa da saniyar, ta shafa kunnen mai tsaga, ta daɗe hannunta na wurin.

"Ramammiyar banza," in ji ta. "Ga mummunar 'ya, ga mummunan makiyayi."

Ɓoɗejo ya tuntsire da dariya har malafar ta faɗi.

"Hajja, ɗauko mata tabarma. Yau 'yar Goggo ta zo gida."