Zannuwan Hajiya a Ƙofar Mota

Laifin sifikun motata ɗaya ne: in ganga ta sauka ba ta dukan ƙirji, sai ka ce gwangwanin madara ake bugawa. Mai gyaran rediyo a nan Illela ya ce ƙofofin ne fanko, sai an liƙa musu wata roba ta musamman. Na yi masa murmushin wanda ya gano sirrin sana'a. Na koma gida na danƙare ƙofofin da soson katifa da tsofaffin zannuwan Hajiya, matata. Sauti ya yi kauri, har na fara tunanin buɗe shago.

Washegari na nufi Konni. A kan iyaka jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofa, kamar yadda suke yi wa kowace mota. Ba ta amsa ba.

"Alhaji, mi ka ɓoye nan ciki?"

Na ce, "Kiɗa."

Aka kwance ƙofofi huɗu a gaban 'yan canji da 'yan kabu-kabu, ana zaro zane ɗaya-ɗaya ana shanyawa bisa mota.

Har yau in na tsaya a tasha, sai wani ya ƙwanƙwasa ƙofar cikin ladabi, ya kasa kunne, ya ce, "Salamu alaikum, Hajiya na ciki?"