Jelar Babban Sakatare

Idan ana lissafa mutanen da suka yi wa ƙasa hidima ba tare da ƙasar ta sani ba, dole a fara da Mataimakin Daraktan sashenmu. Shekara goma sha ɗaya yana kan wannan kujera. Daraktoci huɗu sun zo sun wuce ta kansa, kuma duk lokacin da aka naɗa sabo, shi da kansa yake tara mu ya bayyana mana cewa an yi masa tayi ya ƙi. A gabansa muna ce masa Yallaɓai. A bayansa Mai Jela, kuma na tabbata da zai ji na biyun da ya fi son sa.

Jelar ba tasa ba ce, ta zakaransa ce. Yallaɓai yana kiwon irin kajin nan na ado masu dogon gashi, waɗanda ba a ajiye su don nama ko ƙwai sai don a kalla a yi shiru. Ni akawun rajista ne, shekara ashirin da biyu ina buɗe fayil ina rufewa. Wata Litinin ya miƙo min wani koren fayil, ya ce, "Akawu, duk abin da ke cikin kabad ɗinka bai kai wannan muhimmanci ba." Na buɗe na ga sunayen kaji talatin da ɗaya, kowace da lambarta da matakinta.

Domin Yallaɓai mutum ne mai son tsari. Ɗan tsako yana fara aiki a gidansa a matsayin ma'aikacin wucin gadi. Idan launinsa ya fito daidai, a tabbatar da shi. Idan jela ta kai kamu ɗaya, a ƙara masa girma. Wanda aka samu da jan gashi ko ƙwaya ɗaya a wuya, a sallame shi ba tare da takardar shaida ba. A saman wannan tsani duka akwai zakara guda, Babban Sakatare. Wuyansa fari ne kamar azurfa, jelarsa baƙa ce mai walƙiyar kore idan rana ta taɓa ta. Tsawonta mita ɗaya da santimita tamanin da uku. Na san haka domin kowace Asabar da safe ni nake zuwa da tef ɗin tela in auna, in rubuta, Yallaɓai ya sa hannu da jar tawada.

Babban Sakatare ba ya kwana a akurki. An ƙera masa kabad mai ƙofar gilashi, ya fi mutum tsayi, da sandar zama can sama, jelar tana saukowa a kan ƙugiya da aka naɗe da lallausan ƙyalle. Shekara biyar ƙafarsa ba ta taɓa turɓaya ba. Kullum da hantsi ana share simintin baranda sau biyu, a sauko da shi ya yi tattaki na minti goma, Yallaɓai yana biye da shi a sunkuye, jelar a kan damtsensa kamar mai riƙe da jaririn kwana ɗaya. Wannan mutum ne da bai taɓa ɗaukar jakarsa daga mota zuwa ofis ba.

Ranar Asabar ɗin nan baƙi suke zuwa kallo, kuma ba a shiga sai an saurari jawabi.

"Jama'a, abin da kuke gani ba kaza ba ce, horo ne. Kowa na iya tara kaji. Launi fa? Sheƙi fa? Na haɗa zuriya shida kafin in kori ja daga wuyan nan. Da an bar min sashenmu yadda aka bar min akurkina, da yanzu ana zuwa daga ƙasashen waje ana ɗaukar darasi. Malam, ja da baya, numfashinka yana motsa gashin."

A lokacin akwai takardun fansho na mutum goma sha huɗu a kan teburinsa suna jiran sa hannu tun watanni uku. Amma ba a haɗa takardar fansho da zuriya shida.

Abin da Yallaɓai yake nema a duniya guda ɗaya ne. Ƙungiyar masu kiwon kajin ado tana da babban littafi, wanda ake rubuta sabon jinsi a ciki da sunan wanda ya samar da shi, har abada. Ya cike fom, a gurbin suna ya rubuta Jinsin Darakta. Ƙungiya ta turo mutum ya auna jelar, ya ɗauki hoto, ya buga hatimi. Wannan ya wuce. Sai wasiƙa ta biyo baya da sauran sharaɗi ɗaya: nan da kwana ɗari sufeto zai zo ya ga aƙalla 'yan tsaki shida na wannan zakara. Jinsin da ba ya haihuwa ba jinsi ba ne. Idan babu, a rufe fayil, sai kuma bayan shekara biyar. Babban Sakatare kuwa ya riga ya fara gyangyaɗi da rana.

"Shida?" Yallaɓai ya yi dariya. "Sun raina ni. Akawu, buɗe sabon shafi, ka ja layi sittin."

Na ja layi sittin.

Aka zaɓi kaji mata huɗu masu babban mataki, aka fitar da jadawali, aka manna a ƙofar akurki: ganawa kowace rana, ƙarfe goma zuwa goma da kwata. Na halarci ta farko. An share baranda. An kawo matan. An sauko da Babban Sakatare, Yallaɓai na biye da jela a hannu. Zakaran ya dubi kajin kamar wanda aka nuna wa hoton dangin da bai taɓa gani ba. Can ya ɗan sauke fiffike ya yi taku biyu. Yallaɓai ya ga ƙura a gabansa, ya ja shi baya. Zakaran ya sake gwadawa ta hagu, wata kaza ta miƙa baki wajen jelar, Yallaɓai ya kore ta da ƙafa.

Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin da wuƙa da albasa a hannu. Ta ce, "Baban yara, sakar masa jelar mana ya yi abin da ya kawo shi. Ko kai ne aka riƙe haka ai sai dai gaisuwa."

"Wannan harkar kimiyya ce," in ji Yallaɓai. "Ki koma kan albasarki."

Goma da kwata ta yi, aka rufe taro. Na rubuta: an gana cikin mutunci.

Kajin dai sun yi ƙwai, tunda kaza ba ta jiran izinin kowa. Aka zuba ashirin da huɗu a injin ƙyanƙyasa, kowane da lamba da fensir. A kwana na goma likitar dabbobi ta zo, wata mata mai ƙarancin magana. Ta shiga sito ta ja labule, ta riƙa ɗora kowane ƙwai a bakin tocila. Wanda ke da ɗa a ciki, jijiyoyi ake gani ja. Waɗannan kuwa haske ya ratsa su tas, ɗaya bayan ɗaya, ashirin da huɗu.

Yallaɓai bai girgiza ba. Shugaba na gari ya san inda laifi yake, kuma ba ya taɓa kasancewa a sama. Ya ce in rubuta wa kajin huɗu takardar tuhuma bisa rashin ba da haɗin kai, aka rage musu mataki, aka kawo wasu huɗu. Aka ƙara lokacin ganawa zuwa minti ashirin, aka shimfiɗa darduma a baranda. Ƙwai talatin. Tocila ta sake ratsa su tas. Wannan karon injin ne ya yi laifi, sai wutar lantarki, sai maƙwabcin da ke kunna rediyo.

Likita ta naɗe wayar tocilarta ta ce, "Yallaɓai, injinka lafiyarsa ƙalau. Ka sake shi cikin matan mako biyu, ba jadawali, ba kai. Jelar za ta karye, za ta yi datti. Amma ai an riga an auna ta an buga hatimi. 'Yan tsaki ake nema yanzu."

Yallaɓai ya miƙe tsaye, domin irin wannan amsa ba a ba da ita a zaune.

"Likita, ke jiki kika karanta, ba martaba ba. Asabar mai zuwa mutum goma sha biyu za su zo, har da mai ɗaukar hoto na mujalla. In nuna musu me? Tsintsiya? Babban Sakatare ba ya bin mata a cikin turɓaya kamar zakaran bayan kasuwa. Su ne za su daidaita kansu da shi."

Ya kafa kwamiti ya duba lamarin. Shi ne shugaba, ni ne sakatare, babu mamba na uku. Mun zauna sau huɗu. Mai hoton mujalla ya zo ya tafi, hoton ya fito a shafi na talatin da takwas, ƙarƙashin tallar maganin ƙuma, kuma an yanke kan Yallaɓai daga wuya. Ya sayi kwafi ashirin.

Sai da ya rage kwana talatin da huɗu na tuna masa cewa ƙwai yana cin kwana ashirin da ɗaya kafin ya fashe, kuma lissafi ba ya karɓar takardar tuhuma. Washegari ya kira ni da likita da matarsa, ya tsaya a baranda da takarda a hannu.

"Tarihi zai rubuta cewa a yau, bisa shawarar da ni kaina na ba kaina, na sadaukar da abin da na fi so domin zuriya mai zuwa. Ba kowane shugaba zai iya ba."

Ya sauko da Babban Sakatare, ya kai shi tsakiyar fili, ya ajiye jelar a ƙasa da hannu biyu, ya ja da baya yana share ido. Aka buɗe wa matan.

Zakaran bai motsa ba. Ya waiga ya dubi jelarsa a turɓaya, ya ɗago ya dubi Yallaɓai. Ya jira. Shekara biyar bai taɓa yin taku ɗaya ba sai da wani ya ɗauke masa kaya, kuma bai ga dalilin da zai fara yau ba. Kajin suka zagaye shi. Ɗaya ta taka jelar, ɗaya ta ja wani gashi don ta ga ko ana ci. Babban Sakatare ya yi wani ƙaramin kuka, ya lumshe ido, ya ci gaba da jiran ma'aikacinsa.

Matar Yallaɓai ta ce, "Ikon Allah. Har tsayuwar irin taka ce."

An bar shi kwana goma sha biyu, kamar yadda ya rage. Na auna kullum, domin aiki aiki ne. Rana ta uku, mita ɗaya da goma. Rana ta shida, santimita sittin da ɗaya. Rana ta goma sha biyu, goma sha tara, kuma a karkace. Duk tsawon lokacin a lungu ɗaya yake, bayan tukunyar ruwa, idan kaza ta matso ya juya mata baya. Aka zuba ƙwai goma sha takwas. Ba sai na faɗi abin da tocila ta nuna ba. A shafin da na ja wa layi sittin, har yau babu ko ɗigon tawada.

Sufeton ƙungiya ya zo a rana ta ɗari, ƙarfe tara daidai, wani dattijo mai tabarau. Ya leƙa injin, ya leƙa bayan tukunya, ya tambaya ko wannan ne zakaran da ke cikin hoton. Ya yi rubutu na minti ɗaya, ya ƙi shan shayi, ya tafi. Ranar Litinin Yallaɓai ya tara mu a ofis ya bayyana mana cewa ƙungiyar ta roƙe shi ya bar sunansa a littafin, shi ne ya janye, domin bai ga sun kai matsayin ba tukuna.

Asabar ta ƙarshe na je in karɓi sa hannunsa don rufe fayil. Ina zaune a falo ina jira, sai na ga matarsa ta shigo da wani abu a hannu. Ashe duk gashin da kajin suka fige ta tsince, ta wanke, ta ɗaure a kan guntun sanda da zaren roba. Baƙi ne, yana walƙiyar kore. Ta bi saman talabijin da shi, ta bi kan kabad, ta bi gilashin hoton Yallaɓai na bango.

"Wallahi Akawu, ba ka ga yadda yake kwashe ƙura ba," ta ce. "Darakta muke ce masa. Duk gidan nan shi kaɗai ke aiki ba a riƙe masa komai ba."

Yallaɓai ya fito ya sa hannu da jar tawada. Na rubuta kwanan wata, na ɗaure fayil.