Rasuwar Usaina, Lasifikar Hagu

Da zuciya mai ƙuna, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, ni Inusa Gado, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, a nan Gidan Rumji, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka ji suka yi kamar ba su ji ba, rasuwar Usaina, ɗaya daga cikin tagwayen lasifikokina, wadda ke tsayawa a hagun ɗakina. Ta rasu ranar Asabar bayan la'asar a Gidan Sori, a filin bikin ƙanin matata. Ta tafi da ƙuruciyarta, ko ƙamshin sabon katako bai gama barin jikinta ba.

Ga wanda bai san yadda ta zo hannuna ba, shekarun baya kunnena na dama ya mutu, har aka ɗauke ni daga aji aka ajiye ni a buro, wato ofis, ina buga hatimi. Bara likitan kunne a Maraɗi ya duba na hagun, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi ma ya kama hanya, kuma babu magani. Na fito na tsaya bakin titi ina tunanin abin da nake son ji kafin lokacin ya zo. Surutun mutane dai na ƙoshi da shi. Kiɗan gurmi nake so, irin wanda na tashi da shi, in ji shi tsaf, tsirkiya bayan tsirkiya. Kafin makon ya ƙare na sayar da babur ɗina na koma tafiya ƙasa.

Zaɓen ya ba ni wahala. Masu shago suka yi ta tura mini manyan akwatuna masu fitilu ja da kore, irin waɗanda in an kunna ƙirjin mutum ke rawa amma bai san abin da ake faɗa ba. Na ce ni ba gidan rawa zan buɗe ba. Da wata tsohuwar waƙa a memori nake yawo shago-shago ina sa a gwada mini, har suka fara ɓuya in sun hango ni. Can a ƙuryar shagon wani mai kawo kaya daga Kwatano na same su, sirara, dogaye, baƙaƙe, tsayinsu ya kai ƙirjina, babu fitila ko ɗaya. Da aka kunna sai na ji mawaƙin ya ja numfashi kafin ya fara. Shekara da shekaru ina jin waƙar nan, ban taɓa sanin akwai zakara yana cara can bayansa ba. Na sa musu suna Hassana da Usaina tun kafin mu bar shagon.

Marigayiya mai natsuwa ce. Ba ta taɓa ta da maƙwabci daga barcin rana ba, ba ta taɓa ɗaga murya a kan kiran salla ba. Buƙatunta kaɗan ne: a matsar da ita daga bango, a shimfiɗa mata darduma, a fitar da kabad ɗin kwanonin matata Barira saboda yana amsa mata da karkarwa. Barira ta yi mita son ranta, daga baya kuma ita ce ke shigowa da farantin wake tana tsinta tana saurare. A tsoffin waƙoƙina Hassana ke ɗaukar muryar mawaƙi, Usaina ke riƙe gurmi da 'yan amshi. Har yanzu in na zauna shiru ina jin ta: tin, tirin-tin, tin.

Ajalinta a amalanken jaki ya zo. Kowa ya sani a ƙasar nan mai lasifika ajiya kawai aka ba shi, kayan na masu suna ne da masu biki da masu wa'azi. Duk na hana su, har da shugaban lakol ɗinmu, na sha zagi kuma ban damu ba. Amma wannan karon saƙon daga surukina ya fito, Alhaji na Gidan Sori, wanda kunya ta hana ni rubuta sunansa ko a nan. Angon da kansa, Mudassir, ya kawo saƙon.

"Yaya, baba ya ce a ba mu guda cikin akwatunan ga naka, in an ƙare buki a maido ma."

Na yi masa bayani irin na aji. Na ce ta ɗaki ce, ba ta fili ba, ba ta shan rana, ba ta jure babban ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ya ce Hamisu mai kiɗan biki ya san aikinsa. Na dubi Barira da ke tsaye bakin ƙofa.

"Malam, ka san ba a ce ma baba a'a," in ji ta.

Aka ɗaure Usaina da igiyar jaki aka tafi.

A gaban idona ta cika. Ina zaune cikin rumfar maza, tabarma ɗaya tsakanina da Alhaji. Hamisu ya ɗora ta a kan tebur cikin rana, ya jona mata wani ampili mai girman akwatin lefe, injin wuta yana tari a gefe, sannan ya murɗa har ƙarshe. Wani ya ajiye kofin zoɓo a kanta. Ta yi magiya, ƙirr, ƙirr-ƙirr, duk filin babu wanda ya ji sai ni mai kunne ɗaya. Kafin in nemo takalmina in zagaya ta bayan dattawa, ta ce fat, warin ƙuna ya tashi. Masu rawa ko juyowa ba su yi ba. Hamisu ya zare waya ya mayar jikin tasa lasifikar, ya ce, "Wagga ba ta da ƙarhi."

Mai gyara a Maraɗi ya buɗe ta ya rufe, ya ce abin da ya ƙone ba a samunsa a ƙasar nan.

Ta rasu ta bar 'yar'uwarta Hassana, wadda yanzu in an kunna ta mawaƙi ke ba da waƙa ya dakata yana jiran amshi, babu mai amsawa, ya ci gaba shi kaɗai. Ta bar ƙaramin ampili, da wayoyi, da sawun ƙafafunta a kan darduma. Ta bar Barira, wadda ta daina shigowa da wakenta, tana kawo abinci ta ajiye ba ta dubana. Ta bar ni. An kuma gaya mini ta'aziyyar da Alhaji ya yi a zaurensa da aka ce masa ina fushi: "Hushin mi? Kunne guda garai, guda ta ishe shi." An ce har dariya aka yi. Na ji zafin maganar nan fiye da zafin maganar likita.

Ba ma roƙa wa marigayiya gafara, domin ba ta yi wa kowa laifi ba. Masu neman gawa su haƙura. Hamisu ya aiko yana son maganaɗisunta, maƙwabciyarmu Indo tana son akwatin don kajinta su yi ƙwai, kuma ba wanda zai samu. Za a naɗe ta a kwalin da ta zo a ciki ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a sa ta ƙarƙashin gadona.

Zaman makoki a ƙofar gidana ne, kullum bayan la'asar. Kada a kawo goro, kada a kawo shawarar inda ake sayar da mai arha. Wanda ya zo ya zauna a haguna ya ɗaga murya. Mutanen Gidan Sori kuwa ban ce su biya ni ba, "yi haƙuri" kawai nake jira. In suna da niyya su zo kafin a cire gero, domin likita bai yi mini alkawarin bayan kaka ba, kuma in suka makara sai dai in ga bakinsu yana motsi.