Lurwanu da Minti na Talatin da Shida

Ranar Talata, ƙarfe biyar da kwata na yamma, a falon yayata Ƙaltume da ke unguwar Ranuna a birnin Madina, mijinta Lurwanu ya dire kofin shayi, ya miƙe tsaye, ya ce:

"Ku rubuta ku ajiye. Kafin Juma'a uku, Ammu Bakri zai tako da ƙafarsa ya same ni inda nake. Ba ni zan je ba. Shi zai zo."

Ni kuwa na rubuta, domin ƙanwar mata ba ta da aikin da ya fi mata daɗi irin adana maganar mijin yayarta.

Bari in gabatar maka da mutumin, mai karatu. Yaya Lurwanu shekararsa hamsin da biyu, shi ke kula da ɗakin wanki a wani otal kusa da Harami. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki ya yi sallama, shi kuma ya iso daga baya. Bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, ko a mafarki sai ya doki ƙarfe, amma in ya fara bayanin dabarun wasa sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ƙwallon. Shi ne ra'is, wato shugaban magoya bayan Taurarin Ranuna. Zaɓen da ya ba shi wannan kujera shi kaɗai ya halarta, kuma ya ce an fafata. Yana da ganga, yana da usur, yana da ƙungiyar WhatsApp mai mutum goma sha ɗaya. A gida muna kiransa Janar na Kujerar Roba.

Taurarin Ranuna ƙungiyar ƙwallo ce ta unguwa, tana buga gasar unguwanni duk Juma'a bayan la'asar. Mahaifin Lurwanu, marigayi Malam Abdulƙarim tela, shi ya raɗa mata suna shekara talatin da shida da suka wuce, shi ya ɗinka rigunanta na farko, koraye, a kekensa. Wannan kam ba abin dariya ba ne. Lurwanu yana son sunan nan kamar yadda yake son hoton mahaifinsa da ke bango.

To, bara sai Ammu Bakri, wato baffa Bakri da Larabci, da ƙaninsa Saif, masu shagunan dabino, suka karɓi ƙungiyar. Suka shimfiɗa sabuwar ciyawa, suka sauya raga, kowa ya sa albarka. Sai kuma labari ya fito cewa za su mayar da sunan Ajwar Bakri, irin dabinon nan na Madina da suke sayarwa, koriyar riga kuma ta koma ruwan ƙasa.

Ƙaltume, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu, ta ce, "Abu Najwa, shagon mutumin nan tafiyar minti bakwai ne. Abokin mahaifinka ne. Ka je ka zauna, ka sha gahawa, ka ce masa ba ka so. Halas, shi ke nan."

"Gahawa," in ji Lurwanu, yana kallonta kamar ta ce ya sha ruwan wanki. "Kin ga magoya bayan Turai suna shan gahawa? Girgiza masu ƙungiya suke yi. Ni na yi karatun abin nan."

Karatun a waya ya yi shi, kwance a kan kujera, tsakanin azahar da la'asar.

Da ya tara rundunarsa, shirin farko da ya kawo shi ne kwalaye da tattaki daga masallacin Ƙuba har ƙofar shagon. Kowa ya sami abin kallo a silin. Sai Zubair, wani injiniya ɗan Kano da ya zo aiki shekara shida da suka wuce, ya yi gyaran murya.

"Ra'is, ni da takardar iƙama ta baƙi nake zaune a garin nan. Kuma ina so in ci gaba da zama."

"Gwada ku na yi," in ji Lurwanu nan take. "Kun ci jarrabawa. Zanga-zangar hikima za mu yi."

Juma'a ta farko, ƙauracewa. Umarnin Janar shi ne kada kowa ya taka filin. Ya ce idan Ammu Bakri ya ɗaga kai ya ga kujeru wayam, cikinsa zai ɗuri ruwa. Lurwanu ya yi wanka, ya fesa turare, ya ajiye waya a kan gwiwa yana jiran kiran ban haƙuri.

Abin da bai sani ba, ranar ce masu ƙungiya suka fara rabon dabino da gahawa kyauta ga 'yan kallo. Ma'aikatan gini na bayan filin suka zo, direbobi suka zo, tsofaffin unguwa da ba su san raga nawa ce a fili ba suka zo da jikoki. Mutum wajen ɗari biyu. Kuma Taurari, da suka yi wasa tara ba nasara, suka ci huɗu da nema.

Ƙarfe biyar da minti ashirin waya ta yi ƙara. Lurwanu ya bari ta yi ta yi, don a san ba jira yake ba, sannan ya ɗauka. Zubair ne, yana raɗa, bayansa ihu kamar an ɓalle kasuwa.

"Kana ina, Zubair?"

"Leƙen asiri na zo, Ra'is."

"Kai da wa?"

"Mu tara ne."

Washegari mai tsaron ragar Taurari ya gaya wa jama'a cewa a karon farko ya ji abin da 'yan bayansa ke faɗa masa, saboda babu gangar nan. Lurwanu ya ce yaron ɗan barandan masu dabino ne.

Ƙaltume ta sake cewa, "Minti bakwai, Abu Najwa."

"Wannan share fage ne," in ji shi. "Yanzu za a fara."

Juma'a ta biyu, makoki. Kowane magoyin baya na gaskiya zai zo da baƙar jallabiya, ya zauna shiru, fuska a murtuke, don a ga ana zaman makokin sunan. Lurwanu ya ɗinka sabuwa fil. Ya tsaya gaban madubi yana gwada fuskar baƙin ciki har 'yarsa Najwa ta tambaye shi da Larabci ko haƙori ke damunsa.

Sai dai kuma ƙarshen Disamba ne. Duk wanda ya yi sanyi ɗaya a Madina ya san ana shiga wannan lokaci maza ke ninke fararen jallabiyoyi su fito da masu duhu. Muka isa filin, ni da Ƙaltume muka hau ɓangaren iyalai, muka duba. Baƙi, toka mai duhu, ruwan gawayi, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ɓangarenmu na mata kuwa da ma abaya ce, shekara da shekaru muna makokin Lurwanu ba mu sani ba. Na nemi 'yan zanga-zanga goma sha ɗaya a cikin taron nan, ban gane ko ɗaya ba sai shi, shi ma tumbi ne ya tona shi.

Ammu Bakri kansa baƙa ya sa. Tsoho ne siriri, mai farin gemu da sanda. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya biyo ta gaban Lurwanu, ya tsaya, ya kama hannun jallabiyar yana murzawa.

"Ɗan Abdulƙarim. Masha Allah, yadi mai kyau. Wa ya ɗinka maka?"

Lurwanu ya faɗi sunan telan. Ya kwatanta shagon. Ya ƙara da cewa ranar Asabar ba ya buɗewa da wuri.

A mota Ƙaltume ta ce, "Ka sami bakin kwatancen tela, ba ka sami bakin faɗin damuwarka ba?"

"Idona ya gaya masa komai. Ba ki ga hannunsa na rawa ba?"

"Shekararsa saba'in da takwas, Abu Najwa."

Juma'a ta uku ita ce ta ƙarshe a wa'adin da ya ɗibar wa kansa, don haka ya fito da babban makami. Ficewa. A daidai minti na talatin da shida, adadin shekarun ƙungiyar, Ra'is zai miƙe, ya juya wa fili baya, ya taka ya fita, rundunarsa na biye. Za a fara wasa huɗu da rabi, ke nan ficewar ta faɗo biyar da minti shida. Ya sa agogon waya ya yi masa ƙara a kunne idan lokacin ya cika. Ya toshe kunnuwa da abin sauraro, ya naɗe kai da rawani saboda sanyi, ya hana kowa yi masa magana.

Alƙalin wasa bai zo ba sai biyar da minti goma. Tayarsa ce ta fashe. Aka busa usur biyar da kwata, Lurwanu ya danna agogonsa.

Ni dai na yi lissafi a zaune. Biyar da kwata, a ƙara talatin da shida, biyar da hamsin da ɗaya. Na duba jadawalin salla a wayata. Magariba, biyar da hamsin da ɗaya. Na nuna wa Ƙaltume. Ta rufe ido.

Allah ya gani, na tura masa saƙo: "Yaya Lurwanu, duba lokacin magariba."

Ya amsa: "Ba a yi wa kwamanda magana a fagen daga."

Na adana wannan ma.

Minti na talatin da shida ya cika. Lurwanu ya miƙe a hankali, ya gyara rawani, ya juya wa fili baya. Ya ɗaga ƙafa ke nan ladanin masallacin da ke jikin filin ya buɗe murya, alƙali ya tsayar da wasa. Lurwanu bai ji ko ɗaya ba. Ya yi taku goma, ya waiga don ya ƙirga mutanensa, sai ya ga filin gaba ɗaya ya tashi. Ma'aikatan gini, direbobi, tsofaffi. Mutum ɗari uku na biye da shi. Ya sake waigawa, ga 'yan wasan ƙungiyoyi biyu. Ga alƙali. Ga Saif. Ga Ammu Bakri da sandarsa.

Mai karatu, da ka ga tafiyar. Ƙirji gaba, haɓa sama, hannu ɗaya a ɗage yana yi wa jama'a alamar su biyo a tsanake. Har ya share ƙwalla da gefen rawani. Daga baya Zubair ya gaya mana ya matso kusa don ya ankarar da shi, Lurwanu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka gani, Zubair? Har masu ƙungiyar sun shiga zanga-zangar."

A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo don ya yi jawabi. Jama'a suka rabe biyu suka wuce shi, suka nufi famfunan alwala suna naɗe hannun riga. Ya zare abin kunnen. Ladan yana ƙarasa kira.

Ya bi sahu, me zai yi.

Bayan an idar, kafin a koma wasa, Ammu Bakri ya karɓi lasifikar filin. Ya taka a hankali, sanda na gaba, har inda Lurwanu ke tsaye yana neman takalminsa. Ƙaltume ta taɓa ni.

"Ga shi nan ya tako da ƙafarsa. Ki rubuta."

Tsohon ya riƙe hannun Lurwanu ya ɗaga sama.

"Jama'a, na daɗe ina ganin ana kiran salla mutane na manne da ƙwallo. Yau ɗan Abdulƙarim ya miƙe tun ladan bai buɗe baki ba, ya ja mu gaba ɗaya. Ɗan halas ke nan."

Aka yi ta masha Allah. Lurwanu ya sunkuyar da kai, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

"Sannan kun ji batun sauya suna," Ammu Bakri ya ci gaba. "Shawarar Saif ce, ni raina bai kwanta ba. Na ce masa, sunan nan abokina ne ya sa shi. In mutum ɗaya, ɗaya tak, ya zo ya ce mini ba ya so, na fasa. Mako uku ina zaune a shago da butar gahawa. Ba wanda ya zo. Ɗan marigayin ma mun haɗu makon jiya, zancen yadi muka yi. Na ce to, alhamdu lillahi, jama'a sun yarda."

Ƙaltume yatsu bakwai kawai ta ɗaga daga inda muke, kuma na tabbata ya gani.

Saif ya miƙo leda. Ammu Bakri ya zaro sabuwar riga ruwan ƙasa, ta farko da aka buga, da hoton dabino a ƙirji. Ya ce ba wanda ya cancance ta sai wannan bawan Allah, ya zura masa ita da hannunsa a kan jallabiya. Rigar ta sauko lafiya har ta iso tumbi, a nan ta tsaya. Saif ya ja ta dama, Zubair ya ja ta hagu, ta wuce. Dabinon da ke ƙirji ya miƙe ya zama kankana.

Tsohon ya kai lasifika bakin Lurwanu.

"Ko kana da magana, ɗana?"

Mutum ɗari uku suka zuba masa ido. Wayoyi suka ɗagu. Lurwanu ya dubi rigar, ya dubi farin gemun da ya gama yabonsa yanzu-yanzu.

"Ta yi kyau, Ammu," ya ce. "Allah ya sa albarka."

Ranar Lahadi aka yi wa sunan Ajwar Bakri rajista a gasar unguwanni. Ranar Talata, ƙarfe biyar da kwata na yamma, aka kafa hoton Lurwanu mai tsawon mita uku a ƙofar shagon Ammu Bakri, sanye da rigar, ƙafa ɗaya ba takalmi. A ƙasa an rubuta: Magoyin bayanmu na farko.